Jatan lande ko kaguwa, wanne zai jure zama a tankin ajinmu?

Malamar_Aji5, Nima:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masu sanin kiwon halittun ruwa ku taimaka min da shawara. Ni ticha ce a wata firamare nan Nima, cikin birnin Ankara (Accra) na Ghana, aji biyar nake riƙe, yaran sun haura arba'in. Baban ɗaya daga cikinsu mai aikin gilashi da alminiyom ne, shi ne ya haɗa mana tankin gilashi kyauta, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, Allah ya saka masa da alheri. Yanzu tankin na ajiye a ofis babu komai ciki, kullum yara sai sun tambaye ni madam yaushe za a zuba ruwa.

Ni ba kifi nake so ba. Kifi kam sun sanshi, suna ganinshi a kasuwa suna ci a gida. Abinda nake so su gani da idonsu shi ne halittar da ƙashinta ke waje namanta na ciki, wadda take saɓa ta fita daga tsohon ɓawonta, ta ɗauki ƙwai a ƙarƙashin ciki har ya ƙyanƙyashe, don in muka zo darasin zagayen rayuwa kullum zane ne a allo, kuma zane baya zama a kan yaro kamar abinda ya gani yana motsi. Da na tambaye su, mazan duk kaguwa suka ce, irin wadda ake ɗaurewa a sayar don miyar kuɓewa da banku, wani ma yace mamansa zata kawo mana biyu masu rai ran Laraba in taje kasuwa. Matan kuma na nuna masu hoton wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande jajaye a waya, sun ce su dai waɗannan.

To ga halin da muke ciki. Ajinmu rufin kwano ne babu silin, daga ƙarfe sha ɗaya zafi ne paa, balle watan biyu zuwa na huɗu. Wuta tana ɗaukewa ba sallama. Daga Juma'a da yamma har Litinin babu kowa a sukul, ga dogon hutu. Ruwan famfo baya zuwa kullum, a babban tankin roba muke tarawa, wani sa'in motar tanka ke kawowa. Kuɗin kuma daga aljihuna ne, don haka bana son abinda zan saya yau jibi yara su tarar ya mutu, abin zai taɓa su sosai. Wanne zan zaɓa? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Ɗan_Akuse:

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Na farko dai ki ce wa maman yaron nan ta bar kaguwarta a tukunya. Wannan babbar mai kalar shuɗi-shuɗi da jajayen ƙafafu da ake kawowa daga wajen Ada da Keta kaguwar tudu ce, Cardisoma armatum, rami take haƙa a laka bakin ruwan zartsi ta zauna ciki, da dare ta fito kiwo. Ba mai zama cikin ruwa dindindin bace. In kika cika tanki kika jefa ta zata yi ta kokawar fita ne, in ta samu igiyar iska, wato siririn tiyon da ke kai iska cikin ruwa, ko wani dutse zata hau ta ture murfi, Litinin ku same ta bayan kabad ta bushe. In biyu ne kuma faɗa zasu yi har ɗaya ta rasa hannu. Sannan cizonta ba wasa bane ga ɗan yatsan yaro. Ɗayar kuma mai faffaɗan ɓawo da ƙafafun baya kamar filafili, ta cikin lagun, wato tafkin bakin teku, ita ruwan gishiri take so, a ruwan famfo ba zata kai ko'ina ba.

Amma ni ra'ayina me zai sa mu je neman na ƙasar waje alhali kogin Volta cike yake da namu? Ni a wajen Akuse na tashi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ho ya tsaya Atimpoku kusa da gadar Adomi ya ga mata da tire suna bin mota da abolo da soyayyen jatan lande, to irin wancan na kogi nake nufi, Macrobrachium vollenhovenii. Yana jure zafinmu tunda nan aka halicce shi, yana cin komai, kuma girmansa ya isa yaron da ke bencin baya ya hango, babban namiji yakan wuce santimita 15 banda dogayen hannuwansa. Ki samu ƙarami guda ɗaya wajen masunta, ɗaya tak fa, don suna cin junansu musamman in ɗaya ya yi saɓa jikinsa na da laushi.

Kuma akwai babban darasi tattare da shi. Wannan jatan landen yana cin dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini. Manyan suna zaune a ruwan daɗi amma 'ya'yan in an ƙyanƙyashe sai a ruwan zartsi suke rayuwa, wajen da kogi ya haɗu da teku, in sun yi ƙwari su hauro sama. To in aka datse kogi an yanke masu hanya. A Senegal da aka gama dam ɗin Diama a 1986 jatan landen ya yi ƙaranci a saman dam, dodon koɗi ya yi yawa, tsargiya ta ɓarke a garuruwan bakin kogin, har daga baya masu bincike suka gwada mayar da jatan landen wani mashigin ruwa suka ga dodon koɗin ya ragu. Mu ma nan an gama dam ɗin Akosombo a 1965, na Kpong a 1982, kuma kowa ya san yadda tsargiya ta addabi ƙauyukan bakin tafkin Volta. Yaron da ya ji wannan labarin yana kallon dabbar a gabansa ba zai manta ba.

MaiTanki_Madina:

Salam. Yaya Ɗan_Akuse maganarka kan kaguwa gaskiya ce tsantsa, amma kan jatan landen kogi ban bi ka ba, kayi haƙuri. Ka duba abinda Malama ta ce tana so: yara su ga ƙwai, su ga 'ya'ya, su ga sun girma. Kai da bakinka ka ce 'ya'yan sai ruwan zartsi, to a tankin aji ba zai taɓa haihuwa a gani ba, ga shi guda ɗaya ne ma. Sannan da rana ɓoyewa yake, sai dare yake yawo, lokacin da yara ke gida. Zai tumɓuke duk ciyawar da aka shuka, kuma lita 54 ce fa tankin nan gaba ɗaya, wata nawa zai yi ya cika masa.

Malama 'yan matan ajinki ne suka yi zaɓi mai kyau. Jajayen nan ana ce masu ceri, sunan kimiyya Neocaridina davidi, asalinsu Taiwan da China. Ina kiwonsu a ɗakina nan Madina. Basu wuce santimita 2 zuwa 3 ba, basu da hannun cizo, basa faɗa, da rana suke harkarsu, kullum 'yan hannuwansu na tsince-tsince a kan ganye da dutse, kuma duk rayuwarsu a ruwan daɗi take ƙarewa, babu zancen gishiri. Macen tafi girma tafi ja. Kafin ta ɗau ciki za ki ga wani ɗan tabo rawaya a bayan kanta, ƙwan ne ke haɗuwa, bayan ta yi saɓa sai ya dawo ƙarƙashin wutsiya, ƙwai 20 zuwa 30, tana ta kaɗa masu ruwa da ƙananan ƙafafun ciki don su sha iska, wajen sati uku. Dab da ƙyanƙyasa in yaro ya sa gilashin ƙara girma zai ga baƙaƙen ɗigo biyu cikin kowane ƙwai, idanun 'ya'yan ne. Suna fitowa kamar uwarsu sak, sai dai milimita 2 ne, cikin wata uku su ma sun isa haihuwa. Kenan cikin zango biyu na karatu yara sun ga kaka da jika. Suna rayuwa shekara ɗaya zuwa biyu. Ki fara da 10 ko 15 masu kala ɗaya, in kika haɗa ja da shuɗi da rawaya jikokin zasu koma kalar asali ta daji, ruwan ƙasa-ƙasa.

Amma wallahi kar ki sayo su yanzu. Nan ne mutane ke asara. Sabon tanki babu ƙwayoyin bakteriya masu cinye dattin da dabba ke fitarwa, kashinsu da ragowar abinci na zama amoniya, ita kuma guba ce, sai bakteriya sun zauna a filta da yashi suna juya ta zuwa naitirait sannan naitiret wanda yafi sauƙi. Wannan na ɗaukar sati 4 zuwa 6. Ki wanke yashin kogi sosai ba sabulu, ki zuba, ki sa duwatsu da ciyawar ruwa, ki kunna filta, ki riƙa jefa ɗan ɓarɓashin abincin kifi kaɗan yana ruɓewa, ki bar shi haka. In kin samu wanda ke da tsohon tanki ya matse maki ruwan soson filtarsa cikin naki, abin zai yi sauri. Wannan jiran ma darasi ne, yara su riƙa rubuta abinda suka gani, yaushe gansakuka ta fara fitowa a gilashi, ita ce ma abincin farko na jatan landen.

Filta ta soso za ki saya, mai aiki da famfon iska, sauran filtoci suna zuƙe jarirai. Akwai ƙaramin famfon iska mai USB, baya cin wuta, ki haɗa shi da pawa bank irin wanda yake ba da wuta yana kan caji, in dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, baya tsayawa. Ko da ya tsaya ma na wasu awanni, tankin da ke da ciyawa kuma babu kifi ciki baya mutuwa nan take, wannan na cikin dalilin da nake cewa kar a haɗa su da kifi, banda cewa kifin zai cinye 'ya'yan.

Zafi shi ne babbar damuwata da ajinki. Sun fi jin daɗin digiri 22 zuwa 27, suna jure 28 da 29, in ruwa ya haura 30 ya daɗe a nan sai su fara mutuwa ɗaya-ɗaya, don ruwan zafi baya riƙe iska sosai. Kafin ki kashe ko sisi ki sayi ɗan ma'aunin zafi ki sa a tankin da ruwa zalla, yara su riƙa dubawa safe da ƙarfe biyu na rana suna rubutawa. Ki ajiye tankin nesa da taga, nesa da bangon da rana ke duka da yamma, ƙasa-ƙasa ba kusa da kwano ba. Kar ki rufe da gilashi, ki sa raga, ɗan fanka na USB yana hura saman ruwa yakan sauke digiri 2 ko 3. In duk da haka yana wuce 30, gara tankin ya zauna ofis ko laburare yara su riƙa zuwa rukuni-rukuni. Kuma kar wani ya ruɗe ki da masu ratsin ja da fari da ake ce wa kiristal, sun fi kyau a hoto amma ruwan sanyi suke so, zafin Ankara zai gama da su. Tebur ma ki duba, ruwa kaɗai kilo 54 ne, da yashi da gilashi ya tasam ma 70, bencin yara ba zai ɗauka ba.

Ruwa kuma, na famfo daga Weija ko Kpong yana da kilorin, ki tara a bokiti buɗe ya kwana biyu kafin ki zuba, ko ki sayi maganin cire kilorin wajen masu kifin ado. Na motar tanka ni bana yarda da shi tunda wani na bohol ne mai zartsi, yau daban gobe daban, su kuma sauyin ruwa farat ɗaya ne ke kashe su. Fiya wata zalla ma ba shi bane, da yawansu an tace har babu sinadarin kalsiyam da suke gina ɓawo da shi, sai saɓa ta gagare su su mutu a ciki. Ki jefa ɓawon adodi, wato kawar kogi mai ɓawo biyu, guda ɗaya ko biyu wankakke, ko ɓawon ƙwai da aka tafasa. Duk sati ki cire kashi ɗaya cikin goma ki mayar da sabo a hankali.

Abinci ba matsala, yawansa ne matsala. Busasshen ganyen bishiyar abrofo nkatie (Terminalia catappa) da ya faɗo da kansa ki wanke ki jefa biyu, zai ɗan rina ruwan kamar shayi, ba komai, suna son abinda ke tsirowa a kansa. Ganyen zogale na gida da aka ɗan tafasa, da ƙwayar abincin kifi biyu ko uku sau uku a sati, shikenan. Kabeji da latas na kasuwa kar ki kuskura, feshi ya yi masu yawa. Asabar da Lahadi basa buƙatar kowa. Abincin ya zauna a jakarki, don yara arba'in in kowa ya jefa ɗan biskit don tausayi ruwan ya lalace kenan.

In kun shigo da safe kun ga wani fari fes kwance a ƙasa kamar gawa, har da gashin baki da ƙafafu, kar yara su yi kuka, saɓa ce, in an duba za a ga tsaga a bayan wuya inda ya fita. Ki bar shi ciki zasu cinye abinsu. Wanda ya mutu da gaske jikinsa cike yake kuma yakan koma kalar dafaffe, shi ne ake cirewa.

Hajiya_Fadama:

Malama sannu, Allah ya yi albarka. Ni na yi ritaya daga koyarwa, abu ɗaya zan ƙara wanda na gani da idona. A sukul ɗin da na yi aiki wani malami ya kafa irin wannan tankin, yara suna ji da shi, ana gobe komawa hutu aka turo masu feshin maganin sauro da kyankyaso suka bi aji-aji, babu wanda ya gaya masa. Da safe duka sun mutu, ko ɗaya bai tsira ba, ruwan kuma garau kamar ba abinda ya faru. Jatan lande da kaguwa dangin ƙwari ne ta fuskar halitta, duk abinda zai kashe sauro zai kashe su, kuma ɗan kaɗan ya isa. Don haka ki zauna da hedimasta da mai gadi tun yanzu, duk ranar da za a yi feshi a sanar da ke, a fitar da tankin ko a kashe famfon iska a naɗe shi ruf da leda. Mai gadi kar ya kunna koyil a ajin da dare. Ragar da ɗana na Madina ya ce a rufe da ita, kar a yanko daga gidan sauron da ake rabawa a asibiti, wancan da magani a jikinsa. Yaran da aka shafa wa man korar sauro ko suka wanke hannu da omo kar su tsoma hannu, gaskiya ma kowa kar ya tsoma.

Sannan maganar dogon hutu ki yanke ta kafin ki sayo, wa zai ɗauka, gidan wa zai zauna. A rage ruwan zuwa kwata mutum biyu su ɗauka a kan katako, ba a ɗaga shi cike. Rai ne, amana ce, mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa bata ba ta abinci ba bata sake ta ba. Yara su ji wannan daga bakinki tun ranar farko.

Adwene_Aboabo, Kumasi:

Gaisuwa daga Kumasi. Ni ƙyanƙyasar tarwaɗa nake yi, ba malami bane, amma ina da abinda zai cike maki sati shidan nan da aka ce ki jira, don na san yara ba zasu yi haƙuri da tankin da babu komai ba. Mu masu haceri muna ba jariran tarwaɗa wani abu da ake kira atemiya, Artemia, shi ma ɗan gidan su jatan lande ne na ruwan gishiri. Ƙwansa busasshe ake sayarwa a gwangwani kamar garin ƙasa, da yawa daga wani tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka ake kawowa, yana shekaru a bushe bai mutu ba. Gwangwanin da tsada amma ke rabin ƙaramin cokali ya ishe ki, duk mai haceri a wajen Ashaiman ko Dodowa in kika ce na yara ne zai ɗiba maki.

Ki yanke gorar ruwa babba, lita ɗaya na ruwan da ya kwana, gishiri giram 25 zuwa 30, wajen babban cokali biyu ba a tula ba, gishirin gargajiya mai tsakuwa irin na Ada yafi, ba na leda mai ayodin ba. Ki barbaɗa ƙwan kaɗan, ki sa igiyar iska in akwai, in babu ki zuba a faranti mai faɗi ruwan ya zama marar zurfi. A zafin nan namu kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi sun fashe. Za ki ga ɗigo-ɗigo kalar lemu suna tsalle, ki rufe taga ki haska tocilan a gefe ɗaya duk zasu taru wajen hasken, wallahi ko babba sai ya tsaya kallo. In ana ɗiga masu ruwan yis kaɗan, kaɗan fa, har ruwan ya ɗan yi hazo sannan a jira ya washe, cikin sati biyu zuwa uku sun kai wajen santimita ɗaya, suna iyo a rigingine da ƙafafu 22 suna kaɗawa. Kowane rukuni na yara da gorarsa, wannan gishiri kaɗan, wannan da yawa, wannan babu sam, wannan a duhu, su ƙirga wanne ya fi fashewa. Kuma shi zafi baya damunsa kamar jajayen can. Kar dai a juye ruwan gishirin cikin babban tanki.

Ɗalibar_Legon:

Salam Anti, ina karanta kimiyyar ruwa da kifi ne. Gargaɗi ɗaya nake da shi. In kika je wajen masu kifin ado wataƙila a nuna maki wani mai manyan hannuwa kamar ƙaramin lobsta, ja ko shuɗi ko mai zane-zane, a ce maki baya mutuwa, yafi dacewa da yara. Gaskiya ne baya mutuwa da wuri, kuma matsalar kenan. Duk faɗin Afirka babu irinsa na asali in banda tsibirin Madagaska. Jan na Louisiana, Procambarus clarkii, an zuba shi a tafkin Naivasha na Kenya a 1970, ya cinye ciyawar ruwan tafkin, yana lalata kifin da ya shiga ragar masunta, kuma yana haƙa rami a gaɓa da kunyar shinkafa. Mai zane-zanen ya fi haɗari, duka mata ne, guda ɗaya tana haihuwa ba namiji. An fara ganinta a tankunan masu kiwo a Jamus wajen 1995, ta isa Madagaska ta mamaye gonakin shinkafa da koguna, Tarayyar Turai ta hana sayar da ita a 2016. Ki duba, hutu ya zo, tanki ya cika da 'ya'ya, an raba wa yara, wani ya gaji ya zuba a gota, ruwan sama ya kai shi kogin Odaw. Ba a iya dawo da shi.

Har jajayen ceri ma kar a saki ko ɗaya a gota ko rafi, su ma baƙi ne. In sun yi yawa a ba wata sukul. Kuma ki sayi waɗanda aka haifa nan Ghana wajen masu kiwo, sun saba da ruwanmu da zafinmu, shigo da mai rai daga waje sai da izinin Hukumar Kifi.

Ciyawa kuma in za a ɗebo kainuwa ko wata daga tafki, babba ne zai ɗebo da safar hannu, ba yara ba, saboda tsargiyar da Baba Ɗan_Akuse ya ambata. A ajiye ta a bokiti daban na wasu makonni ana tsince dodon koɗi da ƙwansa kafin ta shiga tanki. Mafi sauƙi ki karɓi ciyawa daga tankin wani. Tsutsar sauro kuma in saman ruwa na motsi kuma akwai raga ba za ki gan ta ba.

Ɗan_Akuse:

To na ji, ɗan'uwana na Madina ka fi ni hujja kan haihuwa. Amma ina nan kan bakana cewa yaran Nima su san na ƙasarsu. Akwai wani a kogunanmu, daga Senegal har Kongo ake samunsa, Atya gabonensis, ƙato ne mai kauri kalar toka ko shuɗi, ya kai santimita 12 zuwa 15, ganinsa da ban tsoro amma baya cizo sam, hannuwansa gashi ne yake buɗewa kamar mafici yana tace abinci daga ruwa mai gudu. Turawa na sayensa da tsada. Baya taɓa ƙananan, sai dai yana son ruwa mai ƙarfin gudu da iska sosai da tsohon tanki da kogon ɓuya, don haka ba na bana bane, in tankin ya shekara a sake magana.

Mazan ajin kuma kar a kashe masu gwiwa. A kawo kaguwar ta yi baƙunta na yini ɗaya a babban baho mai zurfi da jiƙaƙƙen yashi da ɗan ruwa a gefe, su ƙirga ƙafafu goma, su ga idanu a kan tsinke, Malama ki kifa ta da kanki ki nuna masu marfin ciki, na namiji siriri na mace faffaɗa inda take riƙe ƙwai, su zana, da yamma a mayar wa mai ita.

Malamar_Aji5, Nima:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Hajiya Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na nuna wa hedimasta duk abinda kuka rubuta, ya yarda da maganar feshi, ya ce zai gaya wa mai gadi da kansa, kuma in zafin ajin ya yi yawa akwai ɗan ɗakin littattafai mai silin. Baban yaron da ya ba mu tankin zai haɗa murfin raga da firam na alminiyom, shi ne kuma zai riƙe mana lokacin hutu tunda gidansa na bayan sukul. Gobe zamu wanke yashi mu zuba ruwa mu fara auna zafi, na riga na raba yara rukuni shida kowanne da ranarsa. Atemiya zan nema wannan satin, kaguwa kuma zata zo baƙunta ran Laraba.

Saura tambaya ɗaya Malam na Madina, ran da na sayo su a leda, juyewa kawai zan yi cikin tankin?

MaiTanki_Madina:

A'a Malama kar ki juye. Ki sayo da sassafe kafin rana ta yi, ki sa ledar cikin kula ko ki naɗe da tawul a motar haya ta tirotiro, ki ce wa mai sayarwa ya jefa ɗan ganye ciki su samu abin kamawa. In kin iso ki zuba su da ruwansu a roba mai tsabta wadda bata taɓa ganin sabulu ba, ki riƙa ƙara ruwan tankinki babban cokali biyu duk bayan minti biyar, har ruwan robar ya ninka uku, zai ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Sannan ki kwashe su da 'yar raga ki sa a tanki, ruwan robar ki zubar a ƙasa. Ranar kar a basu abinci, yara kuma kar su ƙwanƙwasa gilashi. Kwana biyun farko zasu ɓuya kalarsu ta koɗe, zata dawo. Ki turo mana lambobin zafin da yara suka rubuta na sati biyu tukuna, musamman na ƙarfe biyu, daga nan zamu san ko aji ne ko ɗakin littattafai.